Ranar da Mas Wiryo Ya Dafa Na'urarsa

Mas Wiryo, maƙwabcinmu a Yogyakarta, mai gyaran rediyo ne, amma shekara shida ke nan yana haɗa na'urar kiɗa da hannunsa. Aibinta ɗaya: da safe muryarta daidai, rana na gasa kwanon rufi sai ta zame, kamar yadda nake zamewa daga aji.

Da aka sayar da tsofaffin kugen gamelan, wato kayan kiɗan gargajiya na unguwarmu, hankalinsa ya tashi. Kowane gamelan da irin sautinsa. In aka kwashe su ran Juma'a bai saita na'urar da su ba, sautin ya tafi ke nan.

Ran Alhamis na tarar ya kai na'urar inda kugen suke, ya cusa kayan cikinta a tukunyar shinkafa ta lantarki, wai don zafin ya tsaya wuri ɗaya.

Na ce, "Mas, in kawo miya?"

"Rufe mini baki, ɗan banza, buga kugen nan!"

Ina bugawa yana murɗawa. Biyar ya kama cikin bakwai, sai aka ɗauke wuta, na'urar ta koma kan batir, tukunyar kuwa ta fara hucewa. Ya kwance zanen da mazan garin ke ɗaurawa, ya lulluɓe tukunyar, ya rungume ta.

"Buga na shida, kafin ta huce!"