Marayun Baba Mai Feshi

Baba Mai Feshi ake ce masa, amma a duk sana'arsa babu abin da ya tsana kamar feshin. A wurinsa mai cika ɗaki da guba rago ne kawai. Shi sai ya durƙusa ya bi layin tururuwa da ido har raminta, ya tono uwarsu ya murƙushe. Sauran ko kallo ba su ishe shi ba.

"Marayu ne," yakan ce wa masu gida. "Uwa ce kaɗai ke ƙwai. Ku ƙyale su, da kansu za su ƙare."

Da wannan ya yi aure, ya aurar, gwiwoyinsa suka yi kanta. Matarsa takan tsokane shi wai ya fi sanin ƙarƙashin gadon mutane a kan fuskokinsu. Duk gidan da ya yi aiki kuma sai ya ɗebi 'yan marayun a kwalba ya ajiye a shagonsa. Ranar da ta ƙarshe ta mutu, ya san gidan ya yi fes.

Sai ga wata baƙuwar tururuwa ta shigo gari, an ce a cikin tukwanen furanni aka kawo ta. Rawaya ce, mai dogayen ƙafafu, ba ta bin layi, gudu take kamar an watsa mata ruwan zafi. Ido take nema. Wani mai kiwon kaji ya nuna wa Baba 'yan tsakinsa, duk sun makance.

A lokacin ne autarsa ta haifi ɗa bakwaini, asibiti suka riƙe su, baƙuwar kuwa ta mamaye ɗakinta. Baba ya ja durowa, ya ɗaga leda, ya sami uwar ya kashe, ya ɗebi marayun a kwalba kamar kullum. Surukinsa ya ce, "Baba, ko a ɗan fesa magani?"

"Yaron da numfashi ma da ƙyar yake yi za ka shaƙa wa guba? An gama. Su dawo abinsu."

Bai ƙara waiwayar kwalbar ba sai safiyar da za a sallamo su, yana goge kantar shagonsa. Marayun ba su mutu ba. A gindin kwalbar akwai wani farin tsibi kamar gishiri, sun yi masa rumfa. Ya kai ta bakin taga. A kan idonsa wata 'yar ƙarama, irin waɗanda yake kira marayu, ta lanƙwashe ta ajiye ƙwai. Ta kusa da ita ma haka. Shi ya tsince su ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, ya san babu uwa a ciki. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya bar irinsu birjik a ɗakin autar, har da cewa a share su, tsintsiya ta watsa su kowane lungu.

Ya kira autar, ba ta ɗauka ba. Ya kira mijin, a kashe. Ko shagon bai rufe ba, ya ruga gidanta.

Ya same ta har ta dawo, zaune a bakin gado tana murmushin gajiya. Jaririn na barci a ƙaramin gadonsa, ɗan mitsitsi, idanunsa a rufe. Baba bai amsa gaisuwa ba, ya zube ƙasa ya leƙa. A kowace ƙafar gadon suna hawa, kowacce da farin ƙwai a baki, suna shigewa ƙarƙashin katifar yaron inda akwai ɗumi.

"Auta, ɗauke shi. A hankali. Kada ki girgiza zanin."

Ta ɗauke shi, ta ga guda biyu a wuyan rigarsa.

"Baba, ba ka ce ka kashe uwar ba?"

"Na kashe ta," ya ce. "Yanzu duk uwaye ne."