Fada Malaki, Wanda Innata Ke Kiran Sunansa

Ranar Talata, tara ga Maris, 1976, labari ya iso Haɗeja cewa Fada Malaki ya rasu a wani asibiti a Kano. Wanda ya ba da rai ya karɓi abinsa.

Fada, ƙungiyarku ta limaman Katolika ta turo ka daga Ailan ka yi wa'azi a ƙasar da ladani ya daɗe da riga ka tashi. Kun biyo layin dogo, ka sauka Malam Madori kana jan ma'aikatan reluwe 'yan kudu ibada. Rikicin 1966 ya kwashe su, ya bar ka da bencina da ƙararrawa. Manyanka suka ce ka koma Kano, ka roƙa a bar ka. Na karanta tarihin mishan ba kaɗan ba, ban ga manomin da ya yi ta shuka bai girbe ba, kuma yana fara'a, kamarka.

Da damina in kogi ya cika fadama, kwalekwale kake shiga har Guri da maganin zazzaɓi. Shekarar fari ka raba dawa ba ka tambayi kowa alƙiblarsa ba. Wannan kowa zai faɗa. Ni ƙara na kawo.

Ni ɗan fari ne. Inna 'Yar'azumi ba ta taɓa kiran sunana ba, "wancan" nake. In na shiga gaishe ta, bango take amsa wa. Kai kuwa, tun da ka warkar mata da ciwon ido, daga zaure ake jin ta: "Malaki, shigo!" A shimfiɗa maka tabarma, a sha hira, a sallame ka da bandar kifi, wai ku ba ku cin nama ran Juma'a. Ka biyo ta gidana da ƙunshin, ka ce, "Malam Musa, ya yi mini yawa, taya ni." In ci ina haɗiyar takaici: kifin uwata, amma sai baƙo ya rage.

Ni na kai mata labarin rasuwarka. Ta yi kukan da ban taɓa ganin ta yi ba. Da ta share ido, ta dubi ƙanwata Safara'u, kamar ba na ɗakin, ta ce, "To, yanzu wa zai riƙa kai wa wancan kifinsa?"

A zaure Safara'u ta ce, "Kai Yaya, da duk karatun naka? Fada ko warin banda ba ya so. In ya zo, zancenka kawai suke yi. Ta ce shi baƙo ne, ba a jin kunyarsa. Har sunanka take faɗa masa."

Kada ka zaci na huce, Fada. A da a kan kifi nake maka kishi, yanzu abin ya fi haka. Ka ji yadda sunana yake fita daga bakin innata, ka tafi da shi kabari, ko kwaikwayonsa ba ka yi mini ba.

Hukunci na Allah ne, Shi ya san abin da ka shuka a fadamar nan. Ya saka maka gwargwadonsa. Ina miƙa ta'aziyya ga 'yan ƙungiyarku, da danginka na Ailan da suka ba mu aronka ba mu mayar ba, da Inna 'Yar'azumi. Allah ya ba mu haƙuri.

Juma'ar da ta wuce Safara'u ta kawo kifin. Sunan ne babu mai kawowa.