"To" ɗin Mahaifiyata

Shekarun baya, da za a fara gwajin wani maganin zazzaɓin yara a nan Matameye, aka ɗebe mu ma'aikatan gidan likita aka sa mu formasiyo, wato horon aiki. Sharaɗin a fili yake: wanda ya faɗi jarrabawar ƙarshe ba zai shiga aikin ba. Ni kuwa na gaji da aikin sa-kai, na ƙwallafa rai a kan wannan gurbi ba kaɗan ba.

Madam ɗin da ke koyar da mu, wata 'yar Damagaram mai tsauri, kullum maganarta ɗaya: ba a ba yaro maganin gwaji sai uwarsa ta gane, ta yarda da ranta, ta kuma san tana da ikon cewa a'a.

Na haddace bayanin tsaf. In na koma gida sai in tsare mahaifiyata tana tsince wake, in ce ta zama uwar yaro. In yi ta zuba kamar rediyo, ita kuwa ta ce, "To."

"Inna, kin yarda ke nan?"

"Ni dai na ce to."

Rannan na ƙule na ce ta daina ja mini rai. Ta yi dariya ta ce, "Ke da kika tashi a ɗakin nan? Da babanki ya ce zai sayar da akuyata, me na ce masa?"

"Kin ce to."

"Ya sayar?"

Ina! Akuyar nan tsufa ne ya kashe ta.

Ranar jarrabawa Madam ta goya matashin kai, ta zauna a tabarma, wai ita matar ƙauye ce daga wajen Tsauni. Na yi bayani tiryan-tiryan, har ina jin daɗin kaina. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zane, ta ce, "To, likita."

Har na zaro bik ɗin rubutu zan miƙa mata ta sa hannu, sai na dakata. Wallahi wannan "to" ɗin akuya ne! Na mayar da bik aljihu, na ce, "Yaya, kamar da magana a bakinki."

Ta ce maigidanta na Kano cin rani, ba ta shawarce shi ba, kuma ɗibar jinin nan na ba ta tsoro. Na ce ta je ta kira shi, in ma ta ƙi, za mu duba yaronta kamar kullum. Ta tashi ta fice ba ta sa hannu ba.

Na fito ina ganin na faɗi. Wata ƙawata da muka yi jarrabawar tare na ta murna ita ta samu sa hannu nan take, ni kuwa na laɓe bayan mota na sha kukana. Ashe tarko ne Madam ta ɗana mana. Da sakamako ya fito ni na ci, ƙawata ce sai da ta sake, kuma har yau tana cewa satar amsa na yi daga gida.

Na ji "to" iri-iri a bakin iyaye mata tun daga lokacin, kuma duk wanda na ji sai na tuna da mahaifiyata, ina ƙaunarta har raina. Yanzu ta manyanta, ga hawan jini. In na ce, "Inna, ki sha maganinki," ta ce mini "To," ba na tafiya. Kujera nake jawowa in zauna.