Mai fakin ya kira sunana a ƙofar gida

Jama'a, yau an kira ni da sunan yanka a tsakiyar unguwar Rusaifa, nan Makka!

Ina cikin tuƙa tuwon rana na ji bugun ƙofa. Wani baƙo da takarda a hannu yana ɗaga murya: "Ina Rakiya 'yar Malam Idi?"

Wallahi sunana na yanka ke nan! Kuma sunan surukata ne, shi ya sa shekara talatin maigida bai taɓa furta shi ba. Kowa Hajiya Ƙarama yake ce min. Ga maƙwabta sun leƙo ta taga!

Na ce, "Lafiya?"

Wai daga kamfanin fakin yake, takardar tara ya kawo. Ɗana ya ajiye mota a filinsu a Jarwal ya wuce lokaci, motar kuma da sunana take.

"Wa ya ba ku sunana da gidana?"

"Lambar mota muka sa a kwamfuta, ya hajja, komai ya fito."

Na ce, "Tayyib, na ji. Faɗa min sunan mahaifiyarka da unguwarku, sai in karɓi takardar."

Ya zaro ido. "Haba, wannan ai sirri ne!"

"Au! Wato nawa sunan ne na kasuwa?"

Na rufe ƙofata garam. Ban karɓa ba, kuma gobe ƙara zan kai su!