Igiyar Bijimi da Kulochin Keke

An kore mini shanu duka a daji, na shigo Bauchi da mata da 'ya'ya, ba ni da sana'a sai kiwo. Ranar da na koyi tuƙa keke mai ƙafa uku, da furfurata, ita ce ba za ta fita daga raina ba.

Wata Hajiya a Ƙofar Ran, tsohuwar malamar firamare, ta ce za ta ba ni kekenta in riƙa haya idan na iya. Idan ban iya ba, akwai mai jira. Ta haɗa ni da ƙaninta, tsohon direban tasha.

Shi koyarwarsa guda ce: maimaici. A wani fili wajen Tirwun yake sa ni faɗin kulochi, giya, totur, birki, har bakina ya bushe. In na yi daidai ya miƙo ɓarin goro, in na kuskure ya doki kafaɗata. Birki kuwa, da ya tafa hannu sai in taka, ko ina tsakiyar magana. Na haddace komai. Amma da na saki kulochi sai keken ya zabura ya mutu. Ran nan ya nufi rami da ni, sai na ji kaina ina yi masa fito da tsawa kamar saniya.

"Ɗan Fillo, wannan ba ya jin Fillanci," in ji shi. Da muka koma ya ce wa Hajiya, "Yaya, nemi wani. Ƙwaƙwalwar nan ta bushe."

Na tuna ɗan garin tuwon da ya rage a gida.

Hajiya ta sa aka kai ta filin. Ta zauna a baya ta kalle ni na kashe keken. Ba ta yi faɗa ba.

"Malam, in bijimi na ja, kana riƙe da igiya, yaya kake sakinsa?"

"Ba a saki gaba ɗaya, Hajiya. Zai kayar da mutum. Kaɗan-kaɗan ake yi, kana jin jansa a tafin hannu."

"To ga igiyar nan a hannunka na hagu."

Na matse kulochi, na sassauta, na ji jan ya zo tafina. Keken ya taka a hankali. Muka zagaya filin bai mutu ba.

Ƙaninta ya ce ai sa'a ce. Ta ce masa a kwalejin horon malamai an koya musu cewa masana ba su haɗu a kan yadda mutum ke koyo ba. Wasu sun ce maimaici ne da lada. Wasu sun ce sabon abu ba ya zama sai an ɗora shi a kan wanda mutum ya riga ya sani. Wasu sun ce ido ne, ka kalli mai yi. Ni ban yi boko ba, amma na gane wanne aka yi mini da duka, wanne aka yi da tambaya. Na ƙudurta a raina aikin mutumin nan banza ne.

Da muka hau titi za mu koma, wata tsohuwa ta faɗo gabanmu da tulu. Ban yi tunani ba. Ƙafata ta taka birki da kanta, tayar gaba ta tsaya dab da zaninta.

Hajiya ta dafa ƙaninta. "Wannan naka ne."

"To a dawo mini da gorona," in ji shi.

A ƙofar gida ta miƙo mini makulli.

Abin da na ɗauka shi ne, ƙafa da maimaici take koyo, kai kuwa sai an bi ta abin da ya sani. Yanzu ina haya tsakanin Ƙofar Ran da Tirwun, yarana suna makaranta. Duk wanda aka kawo mini in koya wa tuƙi, kafin ya taɓa keke nakan tambaye shi abin da ya iya.