Gangar Nathan da Ƙafar Lucy

Nathan bai taɓa kallon gangarsa ba in yana kiɗa. Ƙafar yayarsa Lucy yake kallo. Haka mahaifinsu ya koya masa a tsohon garin Karu, tun gonar doyarsu ba ta zama rukunin gidaje ba: mai rawa ke gaba, makaɗi na biye. In Lucy ta taka da ƙarfi ya ƙara wuta. In ya ga diddigenta ya yi nauyi sai ya sassauta, ba mai gane ta gaji.

Su Gbagyi ne, manoma. Da gona ta tafi, abin da suke yi bayan girbi ya zama abincinsu. Wani mai suna Friday, wanda kowa ke kira Oga, ya kafa ƙungiyar rawar gargajiya, yana kai su ɗakunan taro a cikin gari, bikin 'ya'yan manya ko tarbar baƙin ma'aikatu. Matar Nathan ta rasu, bai sake aure ba. 'Ya'yan Lucy suka watse neman aiki. Da shekaru suka ja, gwiwarta ta hagu ta fara kumbura. Ba wanda ya sani sai Nathan, don shi ke ɓoye mata ita a cikin kiɗa.

Wata rana Oga Friday ya zo wurin gwaji da ƙatuwar sifika. Da ya kunna, Nathan ya gane hannunsa ne. Kiɗan da aka ɗauka a wani biki ne shekarun baya, lokacin Lucy na da ƙarfinta.

"Daga yau da wannan za mu yi," in ji Oga. "Manyan nan suna so sauti ya cika ko'ina. Gangarka ba ya kai baya. Kai ka zauna a gaba kana motsa hannu saboda masu hoto, amma kada sanda ya taɓa fata."

"Oga, wannan abin ba ya ganin ƙafa."

"Ƙafa zai bi shi."

A hanyar gida Nathan ya ce, "Yaya, ki bari. Kiɗan nan na yarinya ne."

"Ai ni ce yarinyar," ta ce. "In na bari in ci me?"

Haka suka yi ta yi har damina ta wuce. Kullum in an tashi sai ya gasa mata gwiwar da ruwan zafi.

Ranar wata Asabar da rana aka kai su wani ɗaurin aure. Daɓen ɗakin na tayil ne, santsi gare shi. Lucy ta fito a gaban 'yan mata, ƙwarya a kafaɗa kamar yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya. Ana tsakiyar rawa Nathan ya ga diddigen ya yi nauyi, ya ga tana jan ƙafar hagu. Sifika kuwa daidai nan take ƙara sauri.

Bai yi shawara da kowa ba. Ya sauke sanda a kan fata da gaske, a hankali, yadda ya saba yi mata. Lucy ta ji, ƙafarta ta bi shi. 'Yan matan da ke bayanta kuwa sifika suke bi. Ta bayanta ta bangaje ta, ƙwarya ta yi gefe, Lucy ta faɗi a kan ƙugunta. Kiɗan bai tsaya ba. Wasu baƙi har tafi suka yi, sun ɗauka cikin wasan ne.

A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ya karye, sai an yi aiki. Ba su da halin haka, suka kai ta wurin mai ɗori. Ƙashin ya haɗe a karkace, ba ta sake tsayawa da ƙafarta ba. Oga Friday ya zo dubiya sau ɗaya, a bakin ƙofa ya gaya wa Nathan kada ya dawo ƙungiyar.

Nathan ya daɗe bai iya haɗa ido da ita ba. Wata rana yana ba ta kunu ya ce, "Yaya, da ban buga ba..."

"Na ji ka ne," ta ce. "Ba ni cokalin."

Ba su sake maganar ba.

Ya koma kasuwar Zuba yana sauke kankana da lemo daga manyan motoci. Yatsunsa suka tsage, suka ƙage. Da yamma in ya dawo sai ya ɗauko ta ya zaunar da ita a ƙofar ɗaki ta sha iska, kowane wata yana jin ta ƙara rashin nauyi.

Ta rasu da farkon damina. Dangi suka ce tsohuwa irinta ba a raka ta shiru, shi ya kamata ya yi kiɗan. Ya nuna musu hannuwansa. Daga wani ƙauye aka ɗauko makaɗi.

Ranar Litinin ya koma Zuba. Motar kankana ta iso daga arewa, rabinta ya ruɓe a hanya, aka sa su tsince masu kyau.