Garwashin Kaka Tamu da Iyakar Unguwarmu

Unguwar da na tashi a cikinta a Agadas ta fi ɗan gata yawan suna. Tsofaffi suna ce mata Zangon Gishiri, don a nan ayarin raƙuma ke sauke kantu idan sun dawo daga Bilma. Iyayenmu suka koma ce mata Bayan Kori, wato bayan rafin nan da sai da damina yake kawo ruwa. Samarin yanzu kuwa Garaji suke cewa, saboda motocin da ke lodin mutane zuwa Dirku da wuraren haƙar zinariya. Ni kam in ɗan kabu-kabu ya tambaye ni inda za ni, sai na dubi kansa tukuna. In da furfura in ce Zango, in babu in ce Garaji, kada ya yi ta yawo da ni.

Sunaye a bakin kowa na ji su, amma inda unguwar ta tsaya, wannan a bakin murhun kakata na koya. Kaka Tamu mahaifiyar babana ce, 'yar ƙaramar tsohuwa mai saƙar tabarma, ga faɗa ga kyauta. In sanyi ya sauko, da an idar da magariba an ci tuwo, sai ta kwashe garwashi a kasko ta ajiye tsakar gida, mu kewaye ta, 'ya'yan gida da na maƙwabta. Akwai Mariyama, ɗiyar gidan da ke jikin namu, wadda ta girme ni kaɗan. Kullum ita ke kama wurin da ya fi ɗumi, kuma har yau ban yafe mata wannan ba.

Kaka ba ta fara tatsuniya yadda kowa ke farawa. Cewa take yi, "Ga ta nan, ta sauko daga raƙumi." Mu amsa, "Ta sha ruwa, ta ba mu labari." Wanda ya yi gyangyaɗi bai amsa ba, ya sha zunguri da kara.

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta iyakar Zango. Wai a zamanin da, masu gishiri da masu ɗinkin sirdi suka yi ta rigima kan inda unguwar wannan ta ƙare ta wancan ta fara. Suka jera duwatsu, kori ya kawo ruwa ya tafi da su. Suka dasa itace, awaki suka cinye. Da abin ya ishe su, suka je wajen wata tsohuwa mai murhun da ba ya mutuwa. Ta ce kowane ɓangare ya ɗauki garwashi ɗaya a tsingaro ya kama tafiya, duk inda ya mutu, nan ce iyakarsu.

Wakilin masu gishiri ya ɗauka ya zura da gudu don ya ci ƙasa da yawa, iska ta hura garwashin ya cinye kansa, bai yi nisa ba ya ga toka. Na masu sirdi ya ce shi ne mai wayo, ya kife nasa da ƙwarya don kada iska ta taɓa shi, ya shaƙe ya mutu tun a ƙofar gida. Ana cikin tsaki sai ga wata mata baƙuwa, wadda ba kowa ya san ta ba, ta ce a ba ta ta gwada. Ita ba ta yi sauri ba. Gidan farko ta yi sallama ta tambayi lafiyar yara, matar gidan ta kunna murhunta da wutar, ta jefa mata ɗan gawayi a tsingaro. Gida na gaba ma haka. Ta ratsa masu gishiri, ta ratsa masu sirdi, rana ta faɗi ta dawo wajen tsohuwa da wuta fiye da wadda ta fita da ita.

A nan Mariyama ke tsoma baki, don ba ta iya haƙuri. "To Kaka, ina iyakar take?"

"Ke dai mai bakin tsiya," in ji Kaka. "Ba ta mutu ba, wace iyaka za a ja? Duk gidan da ya ɗebi wuta ya ba da wuta, na unguwa ne. Ran da kuka ji an hana wani garwashi, ku sa dutse a ƙofar gidan nan, can unguwa ta ƙare." Sai ta rufe kaskon da toka ta ce tatsuniya ta hau raƙuminta, kowa ya nemi tabarmarsa.

Lokacin ban ɗauke ta a bakin komai ba, don ɗibar wuta aikin kowace safiya ne. Sai ga shi an shimfiɗa gudron, wato titin kwalta, ya raba unguwar biyu, butalin gaz na girki ya shiga gidaje, aka daina yawo da tsingaro. Tsallaken gudron ya cika da ɗakunan haya na matan masu haƙar zinariya daga Tasawa da Maradi da Katsina. Muna gaisawa a kasuwa, iyakar ta ke nan. Raina ya daɗe yana ɓaci da wannan, ban kuwa san abin da zan yi ba.

Bara wata yarinya mai suna Rakiya ta haihu a tsallaken. Mijinta yana can daji wajen zinariya, ko waya ba ta shiga, danginta kuma suna Tasawa. Mu a al'adarmu akwai manyan tukwanen unguwa da ake fitarwa ran suna, mata su taru su yi girki, amma 'yar unguwa kaɗai ake yi wa. Tukwanen suna hannun Mariyama, wadda yanzu Hajiya ce, mai jiki da murya. In ba a fito da su ba, Rakiya za ta yi suna ita kaɗai da jaririnta a ɗaki, kamar wadda ta yi abin kunya.

Na je na sami Hajiya Mariyama. Ta ce, "Halima, ki bar wannan magana. Unguwa a gudron ta tsaya, kowa ya sani. In muka buɗe ƙofar ga, gobe garin duka za su zo."

Na ce, "Yaya, yarinyar ga da tana da ciki gaz ɗinta ya ƙare. Ta tsallako da murfin gwangwani, na zuba mata garwashi. Da ta samu gawayi kuma ta aiko mini."

Hajiya ta dube ni. "A gidanki ta ɗiba?"

"A murhun Kaka."

Ta ja tsaki, ta gyara ɗankwali. "Tsohuwar ga tana kabari ba ta bar mu mun huta ba. Ai ba a ƙofata za a sa dutsen ba. Kira yara su fiddo tukwane."

Ran suna ta ce ba za a ƙyasta ashana ba, da wutar gidana za a kunna. Da hannunta ta ɗauki kaskon, tana tafe tana mita ƙafa na yi mata ciwo, ta tsaya tsakiyar gudron ta ɗaga hannu, motocin Dirku suka taka burki har ta wuce. Rakiya na ganin mata sun cika ƙofarta ta rufe fuska da zane tana kuka, Hajiya ta ce ta yi shiru kada nono ya tsinke, ta miƙo jaririn a gani.

Yanzu na gane abin da Kaka take nufi. Sunan unguwa zai ci gaba da sauyawa, wata rana ma jikokina su kira ta da abin da ban taɓa ji ba, kuma wannan bai dame ni ba. Da maraice nakan ga Rakiya ta goyo ɗanta tana ratsa ɗakunan da ke bayan nata da murfin gwangwani, hayaƙi na bin ta, wajen wasu sababbin baƙi da ko sunansu ban sani ba. Har yau dai ba mu kai ga gidan da za a ajiye dutsen ba.